Gasasshen Tumatir da Garin Burodi: Hanyar Rage Asarar Amfanin Rani

A kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani ya nuna a yankunan Ajiwa da Jibiya da Danja, tumatir kan cika kasuwannin birnin Katsina har farashinsa ya faɗi warwas, ta yadda masu kayan gwari a bakin titin Ƙofar Kaura kan wayi gari da kwandunan da suka fara ruɓewa tun ba a taya ba. Abin da ke jawo saurin lalacewar shi ne kusan kashi 95 cikin ɗari na nauyin tumatir ruwa ne, fatarsa kuma ba ta da kauri, saboda haka da zarar ta fashe a cikin kwando sai ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci su sami ƙofar shiga. Manoma sun daɗe suna rage wannan asara ta hanyar yin kauɗa, wato yanka tumatir a shanya shi a rana har ya bushe, amma a madafar Bahaushe har yanzu galibi aikin tumatir bai wuce a markaɗa shi a yi miya ba.

A wasu ƙasashen tumatir kan zama abinci mai zaman kansa. Asalin tsiron daga yammacin Kudancin Amurka ne, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma mutanen kudancin Faransa sun shahara da gasa shi bayan sun barbaɗe shi da garin busasshen burodi da tafarnuwa da man zaitun. Wannan girki ya dace da dokokin kosha na Yahudawa, wato ƙa'idojin addininsu na abin da ya halatta a ci, waɗanda suka hana haɗa nama da madara a ci ɗaya, suka kuma ware rukuni na uku na abincin da ba nama ba ne ba madara ba, wanda ake iya ci da kowanne daga cikin biyun. Gasasshen tumatir yana cikin wannan rukuni matuƙar ba a zuba madara ko man shanu a burodin ba. Musulunci bai hana haɗa nama da madara ba, don haka magidanci a Katsina ba shi da wannan takura, sai dai darasin yana nan, cewa kayan lambu kaɗai kan isa su zama abincin da za a ajiye kusa da shinkafa ko balangu.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Ana zaɓar tumatir nunanne mai tauri, a wanke, a raba shi biyu, a cire 'ya'yan, a barbaɗa gishiri sannan a kife shi na ɗan lokaci, domin gishiri yana janyo ruwan da ke cikin tsokarsa, wanda in aka bar shi zai jiƙa garin burodin ya mayar da shi kunu. Burodin da ya kwana, wanda masu shayi da gidajen burodi kan rasa yadda za su yi da shi, shi ne ya fi dacewa, domin ana shanya shi ya bushe a daka a turmi, a cuɗa shi da tafarnuwa da barkono da ganyen ɗoɗɗoya da ɗan man gyaɗa, a cika bakin tumatirin da shi. Daga nan sai a gasa na kimanin minti 30 a zafin digiri 190, wanda kuma ba shi da na'urar gashi yana iya bin dabarar da mata ke gasa kek da ita, ta zuba yashi a gindin babbar tukunya a ɗora faranti a kai a rufe.

Ilimin kimiyya ya bayyana dalilin da ya sa gashi ke ƙara wa tumatir daɗi da amfani. Yayin da ruwa ke fita, sukari da sinadarin gulutamet, wanda shi ne tushen ɗanɗanon da ake nema a dunƙulen miya, sukan tattaru wuri guda. Garin burodin kuma yana yin ja da ƙamshi ta hanyar haɗuwar sukari da sinadaran furotin a kan wuta, aikin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a shekarar 1912. Haka nan sinadarin laikofin, wanda ke ba tumatir jan launinsa, ya fi shiga jiki idan an dafa shi da mai, ko da yake zafi yana rage yawan bitamin C.

Babu wanda zai ce girki guda zai kawar da asarar da manoman rani ke yi, domin wannan aiki ne na wuraren ajiya masu sanyi da masana'antun sarrafawa. Duk da haka, kowane gida da ya ƙara yawan hanyoyin cin tumatir a lokacin arharsa ya taimaki manomi, ya kuma kiyaye kansa daga almubazzarancin da addini ya yi hani da shi. Ya kamata matan gida da masu sayar da abinci a Katsina su jarraba wannan girki a ranin bana.