Guzurin Mai Zuwa Ƙasar Sin

Yawancinmu mun san ƙasar Sin ne ta kayan da take turo mana, daga wayar hannu zuwa babur. Sai dai mai riƙe da kaya bai san garin da aka ƙera su ba, kuma baƙo ko da ido makaho ne. Ga duk wanda ke shirin zuwa yawon buɗe ido, ko rakiyar wani yaya ɗan kasuwa zuwa Guangzhou, akwai shirin da ya kamata a gama tun ana gida.

Mu fara da waya, domin a can ita ce jakar kuɗi. Kuɗin ƙasar shi ne yuan, amma a manyan birane har mai sayar da lemo a bakin titi ta WeChat Pay ko Alipay yake karɓar kuɗinsa. Manhajojin biyu suna ba baƙi damar haɗa katin banki na Visa ko Mastercard, bayan an tantance fasfo. A yi wannan kafin a hau jirgi, a kuma riƙe ɗan tsabar kuɗi saboda katin kan iya ƙin aiki.

Abin da zai fi girgiza mu matasa shi ne, Google da WhatsApp da Facebook da YouTube ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar. Wanda bai buɗe wa mutanen gida WeChat ba, sai ya sauka ya rasa yadda zai shaida wa Mama ya iso lafiya. A kuma sauke manhajar fassara mai aiki ba tare da intanet ba, don yawancin direbobin tasi ba sa jin Turanci. Adireshin masauki a ajiye shi da rubutun Sinanci.

Doka ta wajabta wa baƙo yin rajistar inda ya sauka. Otal ne ke yi wa baƙinsa, amma wanda ya sauka gidan aboki dole ya je ofishin 'yan sanda cikin awa 24, in ba haka ba tara na iya kai yuan 2,000. Fasfo kuwa kada ya bar jiki, da shi ake sayen tikitin jirgin ƙasa. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 120.

Batun ciki fa? Naman alade ya yawaita a girkinsu, don haka mai neman halal ya haddace kalmar "qingzhen". Shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda galibi Musulmi ke gudanarwa, suna ko'ina, kuma a kewayen masallacin Niujie na Beijing akwai abincin halal birjik. Ba a shan ruwan famfo sai an tafasa. A teburi kada a soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin yana kama da turaren da ake kunna wa mamaci.

A guji makon farko na Oktoba da lokacin sabuwar shekarar gargajiya, saboda tikiti kan yi wuya. Agogonsu yana gaban na Nijeriya da Nijar da awa 7. Idan an riƙe "ni hao" don gaisuwa da "xiexie" don godiya, sauran sai a bi da tambaya.