Yadda Za Ka Zaɓi Katin Ƙara Ma'aji Wanda Zai Dace Da Sabar Gidanka

Waya kan cika da hotuna da bidiyon biki, kuma kuɗin ajiya a Google Drive kullum ƙaruwa yake idan aka juya shi zuwa naira. Shi ya sa matasa da dama suka koma sayen tsohuwar kwamfutar tebur su mayar da ita sabar gida: a ɗora mata manhaja irin su TrueNAS ko OpenMediaVault, duk wayoyin gida su riƙa zuba kayansu a ciki ta Wi-Fi.

Matsalar ita ce ƙofofin SATA da ke jikin madabod ba su da yawa, musamman a ƙananan Dell OptiPlex da HP da ake samu na hannu. Da zarar ka so ƙara faifan ajiya na huɗu ko na biyar, sai ka nemi katin da ake sokawa a ramin PCIe. A nan ne mutane ke asarar kuɗi, wasu har da bayanansu, domin yawan ƙofofi kawai suke dubawa.

Fara da ramin da kake da shi

Buɗe kwamfutar ka duba. Ramukan PCIe suna da girma daban-daban: x1, x4, x8 da x16. Ƙaramin kati yana shiga babban rami, amma babban kati ba ya shiga ƙaramin rami sai idan bayansa a buɗe yake. Layi ɗaya na PCIe 2.0 yana ɗaukar kusan MB 500 a daƙiƙa, na PCIe 3.0 kuma kusan ninki biyu. Faifai mai juyawa guda ɗaya kan kai MB 150 zuwa 250. Ke nan katin x1 na tsohon zubi mai faifai shida zai shaƙe duk lokacin da suke aiki tare.

Duba tsayin akwatin ma. Siririyar kwamfuta tana buƙatar kati mai gajeren ƙarfen ɗauri, in ba haka ba murfin ba zai rufu ba.

Tambayi sunan cip ɗin da ke kan katin

Sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba, cip ɗin da ke tsakiyar katin shi ke aikin. ASMedia ASM1166 yana ba da ƙofofi 6 na gaske, JMicron JMB585 kuma 5, kuma Linux na gane su ba tare da wahala ba. Idan ka ga kati mai araha da ƙofofi 10 ko 20 a kan x1, to an raba ƙofa ɗaya ne gida-gida da wani ƙarin cip kamar JMB575. Irin wannan kan yi nawa, kuma faifai ɗaya idan ya samu matsala yana iya jan sauran su ɓace tare.

RAID ko HBA?

TrueNAS na amfani da tsarin ZFS, wanda ke son ganin kowane faifai kai tsaye domin ya gano lalacewa ya gyara. Katin RAID yana shiga tsakani ya ɓoye faifan, kuma ranar da ya mutu kana iya rasa hanyar karanta bayananka sai ka samo irinsa. Abin da kake nema shi ne HBA mai aiki a yanayin IT, wato wanda ke miƙa faifai yadda yake. Sanannu su ne LSI 9211-8i mai cip SAS2008 da LSI 9300-8i mai SAS3008, kowanne na ɗaukar faifai 8. Ka guji tsofaffi masu SAS1068E, domin ba sa ganin abin da ya wuce TB 2.

Kebul ɗinsu ma daban ne: 9211-8i na amfani da SFF-8087, 9300-8i kuma SFF-8643, kowane kebul ya rabu zuwa SATA huɗu. Ka tabbatar wanda ke tashi daga kati zuwa faifai aka ba ka, don akwai mai akasin haka kuma kamarsu ɗaya.

Zafi da wuta

An ƙera katunan LSI ne don manyan saba masu iska mai ƙarfi. A ɗakin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, dole ka ɗaura masa ƙaramar fanka. Sun kuma fi katin ASM1166 shan wuta, abin lura ga mai amfani da sola ko inbata.

To wanne za ka saya?

Idan faifanka ba za su wuce shida ba, katin ASM1166 ya wadatar. Idan kana shirin takwas ko fiye a kan TrueNAS, nemi HBA na LSI a yanayin IT. Ka gwada shi da faifan da babu komai a ciki na 'yan kwanaki kafin ka zuba hotunan iyali, kuma ka ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban.