Shin Ko Kun San Ma'anar Sunan Isma'ila?

Shin ko kun san cewa sunan Isma'ila, wanda a gidajenmu ake taƙaitawa Sama'ila, jimla ce guda a harshen Ibrananci? Asalinsa "Yishma'el": "yishma" na nufin ji, "El" kuma Allah. Wato Allah yana ji.

Ko kun san ba iyaye ne suka zaɓi sunan ba? A Littafin Farawa, sura ta 16, Hajara, kuyanga 'yar Masar, ta gudu daga gidan Ibrahim da juna biyu saboda wahalar da take sha a hannun matarsa Saratu. A bakin wata maɓuɓɓugar ruwa a hanyar Shur mala'ika ya same ta, ya faɗa mata sunan ɗan da ke cikinta, domin Allah ya ji ƙuncinta. Wannan ne ya fi taɓa ni. Mace baiwa, baƙuwa, ba dangi ba gata, ita ce aka saurara daga sama. Ibrahim na da shekara 86 lokacin da aka haifi yaron.

Ko kun san sunan ya sake tabbata a sura ta 21? Ruwan salkar Hajara ya ƙare a jejin Biyasheba, ta kwantar da yaron a gindin wani ƙaramin itace, ta koma can nesa, kamar nisan harbin kibiya, don kada ta ga mutuwarsa da idonta. Littafin ya ce Allah ya ji muryar yaron, ya buɗe mata ido ta hangi rijiya. A riwayar Musulunci kuwa a kwarin Makka abin ya faru, kuma duk alhajin da ya yi safa da marwa sau 7 ya kurɓi zamzam, sawun wannan uwa yake bi.

Ko kun san tushen kalmar ɗaya ne da "sami'a" ta Larabci, inda sunan Allah As-Sami'u ya fito? A Suratul Baƙara, aya ta 127, Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila suna ɗaga harsashin Ka'aba suna addu'a, kuma da wannan suna na Mai ji suka kira Ubangijinsu. Addu'ar "Shema" da Yahudawa ke yi safe da yamma ma daga tushen nan take, haka sunan Saminu ɗan Yakubu.

Alƙur'ani ya ambaci Isma'ila sau 12. Farawa kuma ta lissafa masa 'ya'ya maza 12, ciki har da Nebayot da Kedar, ta ce ya rayu shekara 137. Da Ibrahim ya rasu, shi da ƙanensa Ishaku ne suka haɗu suka binne mahaifinsu a kogon Makfela da ke Hebron.