Gandun tsuntsaye na Juj: yadda aka ceto tabkin daga bakin ciyawa

Duk shekara idan sanyi ya kama a Turai, tsuntsaye miliyoyi sukan taso su ƙetare hamadar Sahara suna neman ruwa. Ɗaya daga cikin wuraren farko da suke sauka shi ne Juj, a arewacin ƙasar Senegal, wajen kilomita 60 daga birnin San-Luwi. Gwamnatin ƙasar ta keɓe wurin domin tsuntsaye a shekarar 1971, faɗinsa ya kai hekta dubu 16, kuma a 1981 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren gado na duniya. Mun ga ya dace mu kawo ma masu karatu labarinsa, domin ciwon da ya kusa kashe shi ba baƙo ba ne gare mu.

A da, kogin Senegal yakan cika tabkin da damina, da rani kuma ruwan gishiri na teku ya hau cikin kogin, wurin ya bushe. Wannan juyi ne yake hana ciyawa yin yawa. A 1986 aka gama madatsar ruwa ta Diyama domin hana ruwan teku hawa, manoman shinkafa su samu ruwan daɗi. Manoma sun amfana, amma ruwan daɗin da ya kwanta rani da damina ya zama gona ga ciyawa. Kainuwa ta fara rufe ruwa, kacala ta cika gaɓa, sa'an nan a 1999 wata baƙuwar ciyawa mai suna salbiniya ta shigo. Ita wannan takan shimfiɗu a kan ruwa kamar tabarma, haske ba ya shiga, kifi ya rasa iska, tsuntsu ya rasa kifi. A shekarar 2000 UNESCO ta bayyana Juj cikin wuraren da ke cikin haɗari.

Da farko da hannu aka riƙa kwashe ciyawar, amma tana tofowa fiye da yadda ake cire ta. Daga baya masana suka kawo wani ɗan ƙwaro da asalinsa daga Brazil yake, wanda ba ya cin komi sai salbiniya. Ƙwaron ya yi aikinsa, a 2006 aka fitar da Juj daga jerin haɗari. Kacala kuwa har yanzu sai da yanka, ana yashe hanyoyin ruwa, ƴan gandun daji suna buɗe ƙofofin ruwa da rufe su gwargwadon lokaci. A wasu wurare na kwarin kogin an koyi mayar da kacalar gawayi.

Baƙi sukan zo daga Nuwamba zuwa Afrilu. Akan ɗauke su cikin kwale-kwale har kusa da tsibirin da dubban kwasakwasa ke ƙyanƙyasa, ba a yarda kowa ya sauka ba. Mutanen ƙauyukan kewaye, waɗanda aka hana kiwo da su a wurin lokacin da aka keɓe shi, yau daga cikinsu ake samun masu tuƙa jirage da masu yi ma baƙi jagora. Wanda abincinsa ya rataya ga tsuntsu ba ya barin a harbe shi. Duk da haka akwai ranar da tilas a rufe ƙofa: a Janairun 2021 murar tsuntsaye ta kashe kwasakwasa sama da 700, aka dakatar da ziyara na wani lokaci.

Mu ma nan Nijar muna da tabkunan da irin waɗannan tsuntsaye ke sauka, kamar Tabalak da Dan Dutsi a jihar Tawa da Lasuri a jihar Damagaram, dukansu sun shiga yarjejeniyar Ramsar a 2005. Rairayi da ciyawa suna cin tabkunanmu sannu a hankali. Kiranmu ga magadan gari da sarakuna da malaman lakwal shi ne a kai yara bakin tabki su san dinya da gauraka da idonsu, a kuma sa masunta da makiyaya cikin shawara tun kafin a fara wani aiki.