Kafin Yaro Ya Riƙe Fensir

A makarantun nazare da yawa, ɗan shekara 3 kan dawo gida da jinga, an ce ya cika shafi guda da harafin A. Uwa ta riƙe masa hannu, yana kuka tana lallashi, idan haƙuri ya ƙare a ce ba ya ɗaukar karatu. Alhali sau da yawa hannun ne bai yi ƙwari ba.

Ana haihuwar jariri ƙasusuwan wuyan hannunsa suna guringuntsi, a hankali suke tauri, na ƙarshensu ma sai yaro ya doshi shekara 10. Zane shi ma yana da matakansa. Ɗan shekara 2 kan kwaikwayi layi a miƙe idan ya ga an ja, a shekara 3 ya iya da'ira, a 4 ya gitta layi kan layi. Zane mai kusurwa uku kuwa sai wajen shekara 5. To, harafin A da ake fara ɗora wa yara layuka ne a karkace masu haɗuwa a sama, wato yana cikin masu wuya.

Likitar nan ta Italiya, Mariya Montessori, ta gano haka tun da ta buɗe gidan renon yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907. Ta yanka haruffa da takarda mai kaushi ta manna su a kan allo. Yaro yana bin harafi da yatsa yana furta sautinsa, kafin ya fara rubuta shi da fensir. Yaranta da dama sun fara rubutu tun ba su iya karatu ba.

Irin wannan horo ba ya buƙatar kuɗi. Yarinyar da ta zauna gefen tabarma tana ɓare gyaɗa, ko tana tsince tsakuwa daga wake, yatsun nan uku da za su riƙe fensir take sarrafawa. Haka mulmula laka, zira duwatsun ado a zare, da 'yar carafke. Sai kuma yashin tsakar gida: a ba yaro tsinke ya ja manyan layuka, ya shafe da tafin hannu, ya sake. Harafin farko na sunansa shi ne zai fi ɗokin koya.

Wayar hannu ba ta maye gurbin wannan. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiyana a Amurka ta fitar da bincike kan yara 'yan shekara 5 da ba su iya karatu ba. An sa su rubuta haruffa da kansu, ko su bi ɗige-ɗige, ko su danna madannin kwamfuta, sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Sassan da ke aikin karatu sun fi motsawa bayan yaro ya rubuta harafin da hannunsa, komai karkacewarsa.

Juya harafi ma ba abin duka ba ne. Ƙwaƙwalwa ta saba cewa moɗa moɗa ce, ko mariƙinta ya dubi dama ko hagu, don haka raba b da d sai an koya, kuma ruɗanin kan kai shekara 7. Ɗan Bahaushe har huɗu yake fama da su: b, d, ɓ da ɗ.

Malaman allo sun daɗe da hikimar jinkirta wa yaro rubutu. Malam ne ke rubuta wa ƙolo allonsa, shi kuwa ya fara da babbaƙu, yana gane haruffa da sunaye masu nuna siffarsu, irin su ɗa mai hannu da mim jaye. Riƙe alƙalami sai daga baya.

Saboda haka iyaye da malaman nazare su sassauta jingar cika shafi ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, su ba su yashi da gawayi da lokacin wasa.