Furotin da Ƙwayar Murar Tsuntsaye Ke Kamawa da Shi

Masu kiwon kaji a Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya raya noman rani, sun san murar tsuntsaye tun 2006, shekarar da aka fara tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, kafin a same shi a gonakin Kano. Ƙwayar cutar ba ta shiga jiki sai ta maƙale ta hanyar wani furotin da ke bayanta mai suna hemagulutinin, wanda ke kama wani sinadari da ake kira sayalik asid a jikin ƙwayoyin halittar hanyar numfashi. Da yake irin sinadarin da ya yawaita a jikin tsuntsu ya bambanta da na maƙogwaron mutum, cutar ba ta cika yaɗuwa tsakanin mutane ba, abin da masana ke sa wa ido kuwa shi ne sauyin da zai rage wannan bambanci.

Domin nazarin furotin ɗin ba tare da haɗarin riƙe ƙwayar mai rai ba, ana ciro umarnin gadon da ke samar da shi a dasa cikin ƙwayoyin halittar da ake renonsu a ɗakin gwaji, su riƙa ƙera shi zalla. Da shi ake gwada jini a gano ko kaza ko mutum ya taɓa kamuwa, da irinsa kuma aka yi rigakafin murar mutane na Flublok da Amurka ta amince da shi a 2013. Abin mamaki, ƙwayoyin da ke ƙera wannan rigakafi an samo su ne daga irin tsutsar nan da ke cinye ganyen masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016.