Kafin Ka Sayi Ɗan Karen Nan Na TikTok, Zauna Mu Yi Lissafi

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, na san ka sha cin karo da su: 'yan ƙananan karnuka masu gashi buzu-buzu, an yi musu wanka an taje su, mai su na rungume da su kamar jariri. A ƙasan bidiyon kuma ga lambar waya, wai ana kai wa mutum har gida. Wayar da ke nuna wa ɗan Legas wannan talla, ita ce dai ke nuna wa ɗan Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Tsanyawa. To ɗan uwa, kafin ka tura kuɗinka, zo mu yi lissafi.

A ƙauyukanmu kare ma'aikaci ne. Yana gadin gida da garke, yana bin 'yan farauta daji da rani. Hadisan da ke cikin Bukhari da Muslim ma sun ba da damar ajiye shi ne don farauta, kiwo ko gona, don haka batun ajiye shi don ado kawai, fara tambayar malaminka. Ni a nan maganar aljihu da lafiya zan yi.

Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Irin su Lhasa kan yi shekara 12 zuwa 15 a duniya. A ce Naira 500 kacal kake kashewa kullum a kan abincinsa. A shekara ka kashe Naira 182,500, a shekara 12 kuwa Naira miliyan 2 da dubu 190. Ba mu sa alluran rigakafi ba fa, ba mu sa maganin tsutsar ciki da na kaska ba, ba sabulu, ba aski, ba kuɗin motar zuwa asibitin dabbobi na Gwale a birni. In ciwon ya yi tsanani, wataƙila sai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yanzu kai da kanka ka auna: buhun taki nawa ke nan? Tumaki nawa?

Kowane iri kuma da nasa ciwon kai.

Lhasa da Eskimo gashi ne adonsu, shi ne kuma matsalarsu. Asalin Lhasa tsaunukan Tibet ne masu sanyi. Kawo shi gefen gonar gero da kaka ka ga yadda ƙarangiya za ta cika masa jiki. Kaska ta samu maɓoya a cikin gashin, ita kuma tana sa wa kare zazzaɓin da ke shanye masa jini.

Pug da French Bulldog kuwa gajeren hancin nan da ke burge mutane shi ne lalurarsu. Kare ta hanyar haki yake sanyaya jikinsa, su kuma hanyar numfashinsu a matse take. Ka tuna zafin watan Afrilu a Kano, lokacin da ma'auni ke haura 40, ga ba wuta balle fanka. Irin wannan rana tana iya kashe su. Matan French Bulldog da yawa ma ba sa iya haihuwa sai da tiyata.

Chihuahua, wanda sau da yawa bai kai kilo 3 ba, ƙashinsa siriri ne, ga ciwon haƙori da gocewar gwiwa. A gidan da akwai yara da awaki da jaki, taku ɗaya ya isa ya karya shi.

A 2022 masu bincike a kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan sun duba bayanan karnuka sama da 30,000. Sun gano matsakaicin rayuwar Jack Russell shekara 12.7 ne, na Pug kuma 7.7, alhali dukansu ƙanana ne. Wannan fa a Ingila ke nan, ƙasar sanyi da yalwar likitoci.

Karenmu na gida fa? Gashinsa gajere, ya saba da rana, ya saba da sauran tuwo. Shi ma yana buƙatar allura da magani, amma ɗawainiyarsa ba ta kai ta waɗancan ba, kuma yana biyan ka da gadi. Abin mamaki, dogon karen farautar nan na yankin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, shi Turawa ke nema da kuɗinsu, har ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019. Mu kuma muna ta yi wa rogo kallon kitse.

Akwai abu ɗaya da bai san na gida ko na waje ba: ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. A garuruwanmu da gidaje ke manne da juna, yara na wasa a lungu har magariba, wanda za a ciza ƙaninka ne ko ɗan maƙwabci. Ƙanƙantar kare ba ta rage haɗarin yawunsa.

Don haka duk karen da ke gidanku, a yi masa allurar hauka tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da zai faru.

In har yanzu ranka na kan na TikTok ɗin, nemi katin allurarsa, ka ga uwarsa da idonka, ka kuma tambayi likitan dabbobi kafin ka biya. Sannan ka tambayi kanka: in makaranta ko neman kuɗi ya ɗauke ka daga gida, wa zai ci gaba da ɗawainiyar? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.